Filin Mata: Gashi da zafin bazara

A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a Damagaram da Tawa, gashi kan bushe, ya cukurkuɗe, ya riƙa karyewa a bakin mataji. Mata da yawa sai su ruga ga man miƙar da gashi, alhali sodar da ke cikin wasunsa tana ƙona fatar kai. Magani kuwa yana kusa. A jiƙa karkashi har ya yi yauƙi, a tace, a wanke kai, a taje da sauran danshi, daga baki zuwa gindi. Sannan a shafa man kaɗe, a yi kitso sassauƙa, domin matsattsen kitso ke cinye gashin goshi. Kallabi ya tare rana da ƙura.