Me ya sa ake ɗiga rigakafin shan-inna a baki?

Ƙannena, duk wanda ya taso a Gwarzo, Getso, Kabo ko Garo ya san ma'aikatan da ke bin gida-gida da ɗan akwatin sanyi, suna ɗiga wa yara ɗigo biyu a baki, su shafa musu alama a farce. Yawancin rigakafi allura ce. To me ya sa wannan ya fita daban?

Amsar tana cikin hanji. Ƙwayar shan-inna ta baki take shiga, a ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta hayayyafa a maƙogwaro da hanji. A wasu yara kaɗan ne take kaiwa ga jijiyoyi ta shanye ƙafa. Ke nan a hanji ya kamata a tare ta.

Muna ɗauka fata ce katangar jiki, amma fatar babban mutum ba ta wuce murabba'in mita 2 ba. Laushin fatar da ta shimfiɗe cikin hanji kuwa ta kai kusan 30, ga ta hanci da huhu. Siririya ce sosai, don ta nan abinci da iska ke ratsawa, shi ya sa jiki ya jibge mata tsaro. Majinar da muke ƙyama tarko ce: tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta, wasu ƙananan gashi a hanyar numfashi su turo ta sama. Yawu da hawaye na ɗauke da sinadarin da ke fasa bangon wasu ƙwayoyin cuta. Alexander Fleming ya gano shi ne a majinarsa lokacin da yake mura.

Wanda ya fi burge ni shi ne IgA, wani makamin garkuwar jiki. A bangon ƙaramin hanji akwai gungun ƙwayoyin tsaro da ke ɗanɗana duk abin da ya wuce. In suka ga baƙo, sai a ƙera IgA daidai da shi, a zuba cikin majinar hanji. Ba faɗa yake ba, manne wa ƙwayar yake har ta kasa kama bango, ta fita da bayan gida. Ɗigon da Albert Sabin ya samar ƙwaya ce da aka raunana. Tana bin hanyar da ta gasken ke bi, hanji ya haddace kamanninta. Allurar shan-inna tana hana shanyewa sosai, amma ba ta kai ɗigo hana yaro yaɗa ƙwayar ba.

Kano ta dakatar da ɗigon a 2003, ta dawo da shi a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a jihar nan a Sumaila yake, a Yulin 2014, sannan a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da zagaye ne saboda inda yara da yawa ba su karɓa ba, raunanniyar ƙwayar kan daɗe tana yawo har ta sake yin ƙarfi.

Jariri kuwa bai iya ƙera isasshen IgA ba tukuna. A dakashi yake samu, wato nonon farko mai ruwan ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau. In an haihu a gidanku, ku yi wa Inna ko Goggo wannan bayani cikin ladabi.