SHARHI: Fataucin Namun Daji da Itatuwa, Daga Ƙauye Zuwa Tashar Jirgin Ruwa

A watan Afrilu na shekarar 2019 jami'an ƙasar Singafo suka kama kwantena biyu da aka yi lodinsu daga Najeriya za a kai Biyetnam, ɗauke da ɓawon dabbar nan ɗankunya fiye da tan 25. Wannan adadi na nufin an kashe dubban dabbobi, wasu a dazuzzukanmu, wasu an tsallako da ɓawonsu daga ƙasashe maƙwabta. Ga shi kuwa tun farkon 2017 yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke ciki, ta haramta cinikin ɗankunya tsakanin ƙasashe.

Da yake masu wannan fatauci ba su san iyaka ba, dole masu farautarsu su haɗa kai. Hukumar 'Yan Sandan Ƙasa da Ƙasa, wato Interpol, mai hedkwata a birnin Liyon na Faransa, ba ta kama mutum da kanta. Aikinta shi ne isar da bayanai tsakanin ƙasashe ta ofisoshinta, irin wanda ke Abuja: sunan dillali, lambar kwantena da hanyar da kuɗi suka bi. Tun 2017 kuma take haɗa gwiwa da Ƙungiyar Kwastan ta Duniya wajen kai samame na bai-ɗaya. A nan gida, gwamnatin tarayya ta ƙone ɓawon ɗankunya da aka ƙwace a 2023, sannan ta niƙe hauren giwa kimanin tan biyu da rabi a Abuja a watan Janairun 2024.

To amma duk abin da aka kama a tashar jirgin ruwa, an riga an yi ɓarna. Madobiya ta ishe mu misali. An sare ta a Taraba da wasu jihohi ana kaiwa ƙasar Sin, har aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita a 2018. Mai yanka ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, dillali ya kwashe riba, makiyayi kuwa ya rasa ganyen da dabbobinsa ke ci da rani, ƙasa ta zama fili sai zaizaya.

Saboda haka haɗin kan 'yan sandan duniya ba zai wadatar ba muddin ƙauye ya yi shiru, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baƙon da ya zo neman ɓawo ko haure ko gungumen itace, a gidan wani yake sauka, kuma ta hanyar wani gari motarsa ke fita. Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni, sarakunan maharba da shugabannin ƙananan hukumomi da su sanar da jami'an gandun daji ko ofishin 'yan sanda mafi kusa da zarar sun ga haka. Daji amana ce da za mu miƙa wa 'ya'ya da jikoki.