Wa Ke Sauraron Rimot Ɗin Get Ɗinka?

Makon jiya na raka wani ƙanina kasuwa. Ɗaya daga cikin rimot biyu na get ɗin gidansa ya ɓace, yana son a yi masa wani. Yaron shagon ya karɓi wanda ya rage, ya zaro sabo daga leda, ya haɗa kawunansu. Ya danna wannan, ya danna wancan, 'yar fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf. "Shi ke nan Alhaji, ya ɗauka." Ko minti ɗaya ba a yi ba. Ƙanina ya biya yana murna, ni kuwa gabana ya faɗi, domin abin da yaron ya yi da izininmu, wani zai iya yinsa daga cikin motar da ke fake a tsallaken titi, ba tare da ya taɓa rimot ɗin ba.

Ta iska rimot yake magana da injin get, a kan zangon rediyo, galibi megahaz 433, ko 315 a Amurka. Duk dannawa yana faɗin wata lamba. Idan lamba ɗaya yake maimaitawa kullum, duk mai na'urar sauraro a kusa zai naɗe ta, ya dawo ya kunna ta ranar da ya ga dama. Irin wannan rimot ne ake iya kwafa a shago.

A Amurka, inda ƙofar gareji mai rimot ta zama ruwan dare, sun daɗe da ganin wannan matsala. Tsofaffin rimot ɗinsu suna da ƙananan maɓallai 8 zuwa 12 a ciki, waɗanda ake jerawa sama ko ƙasa su ba da lambar. Maɓallai 12 ba sa ba da fiye da lambobi 4,096. A 2015 wani masanin tsaron na'urori, Samy Kamkar, ya ɗauki wani abin wasan yara na kamfanin Mattel mai suna IM-ME, ya sake masa tsari, ya kira shi OpenSesame. Cikin ƙasa da daƙiƙa 10 abin yake zazzago dukan lambobin, ƙofa ta buɗe.

Maganin da aka samo shi ne lamba mai sauyawa: kowace dannawa sabuwar lamba, wadda aka yi amfani da ita kuwa ta mutu. Fitaccen tsarin wannan shi ne KeeLoq, wanda kamfanin Nanoteq na Afirka ta Kudu ya ƙirƙira, Microchip na Amurka ya saye shi a 1995. Shi ma bai tsira ba. A 2008 masu bincike a Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun zaro sirrinsa ta hanyar auna yadda na'urar ke shan wuta. Shi dai Kamkar ɗin ya je taron DEF CON a Las Vegas a 2015 da wata na'ura ta kusan dala 30, RollJam. Ka danna, ta toshe saƙon ta naɗe. Ka ga bai buɗe ba, ka sake dannawa, ta toshe na biyun ta saki na farkon. Ƙofa ta buɗe, ka shige hankali kwance, shi kuwa mai na'urar ya rage da lamba ɗaya sabuwa a hannu.

Wani zai ce ai duk kanwar ja ce. Ban yarda ba. Karya lamba mai sauyawa sai da ilimi da kayan aiki da haƙurin fako. Kwafe lamba tsayayyiya kuwa, yaron shago ma ya iya. Wanda ya sa sakata ya fi wanda ya tura ƙyaure kawai, ko da akwai masu ɓalle sakata.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke sayen kayan nan. A sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Abuja, mutum zai ja katanga, ya ɗora waya mai wuta, ya kafa kyamara, ya tsaya a kan mai walda sai an sa masa ƙarfe mai kauri. Wasu har sun sallami maigadi tunda inji ya zo. Ranar haɗa injin kuwa, cinikin duk a kan nauyin da zai iya ja ne, da yadda batir zai riƙe idan an ɗauke wuta. Ban taɓa jin mai gida ya tambaya ko lambar rimot ɗin tana canzawa ba. Masu haɗawa da yawa su ma ba sa faɗa, alhali su ne suka san abin da ke cikin kwalin. Wannan haƙƙi ne a wuyansu. Bayan get ɗin nan iyalin mutum suke kwana.

Gyaran bai kai a tsorata ba. Sau da yawa ba sai an taɓa injin ba, ɗan akwatin da ke karɓar saƙon rimot kawai za a sauya da mai lamba mai sauyawa. Kuma a daina barin rimot a mota idan an kai ta wanki ko wajen bakanike, tunda mun ga tsawon lokacin da kwafa ke ɗauka.

A hanyarmu ta komawa daga kasuwa na tambayi ƙanina, "Rimot ɗin da ya ɓace fa, yana hannun wa?" Ya yi shiru. Bai taɓa kawowa a ransa cewa har yanzu yana buɗe gidansa ba. Washegari ya kira wanda ya haɗa masa injin, aka cire tsohon akwatin, aka sa sabo da rimot uku, kowanne da rajistarsa daban, ta yadda in ɗaya ya sake ɓata za a goge shi kaɗai.