Sankarar jinin shanu: cutar da ke bin allura

A cikin cututtukan bisashe akwai masu shigowa da hayaniya, su kashe garke cikin mako guda, akwai kuma masu shigowa a ɓoye. Sankarar jinin shanu, wadda Faransawa ke kira leucose bovine, tana cikin masu ɓoyon. Saniya na iya ɗauke da ita shekara da shekaru, tana kiwo, tana haihuwa, makiyayi bai san kome ba.

Tun shekara ta 1871 wani likitan dabbobi na ƙasar Jamus ya ba da labarinta, amma sai a 1969 ne masu bincike a Amurka, ciki har da Janice Miller, suka gano ƙwayar birus ɗin da ke haddasa ta. Wannan ƙwaya, da ake kira BLV, tana kutsawa cikin fararen ƙwayoyin jini, ta liƙe a cikin gadonsu har ƙarshen ran dabbar. Wajen kashi 30 cikin 100 na shanun da suka kamu, fararen ƙwayoyin jininsu kan yi yawa fiye da kima. Ƙasa da kashi 5 ne ke yin sankara sosai. A nan sai kaluluwa ta kumbura, saniya ta rame, wani lokaci idanu su fito waje ko ƙafafun baya su shanye. Sauran kuwa ba su nuna alama, sai dai nono ya ragu, ƙarfin jiki ya ja baya.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne hanyar yaɗuwarta: jini ne. Allura guda da aka soka wa shanu da yawa, wuƙar yankan ƙaho ko dandaƙa da ba a tsabtace ba, cizon bobuwa, duk suna kai ta daga bisa zuwa bisa. Maraƙi ma na iya samunta tun a ciki ko ta nonon uwa. Ke nan hannun da ya zo yin magani, in bai kula ba, shi ke shuka cutar.

Ƙasashe ba su ɗauki hanya ɗaya ba. Danmak ta fara yaƙi da ita tun 1959, ƙasashen Turai da dama suka bi sahu: a gwada jini, a fidda wadda ta kamu, a yanka. Haka Faransa ta samu shaidar rabuwa da cutar a 1999. Amurka kuwa ta bari, har binciken ma'aikatarta ta noma na 2007 ya tarar da ƙwayar a fiye da kashi 80 cikin 100 na gidajen kiwon shanun madara. Inda abu ya kai haka, yanka bai yiwuwa. Shi ya sa masanan Japan ke neman shanun da gadonsu ke jure wa ƙwayar, na Beljik da Ajantina kuma suka yi shekaru suna gwada allurar rigakafi. Maganin warkarwa dai babu.

Tambayar da ta fi tada hankali ita ce ta ɗan Adam, domin BLV dangi ce ta HTLV-1, mai sa wa mutane sankarar jini. A 2015 Gertrude Buehring ta jami'ar Berkeley ta ce ta tarar da alamar ƙwayar a naman mata masu sankarar mama fiye da na masu lafiya. Wasu masana a Beljik da Sin sun bincika, ba su tarar ba. Gardama na nan tsakaninsu. Abin da kowa ya yarda da shi: tafasa madara na kashe ƙwayar.

Ga ƙasa irin Nijar, wadda ke yi wa miliyoyin bisashe rigakafi kowace shekara, take kuma neman ƙarin nono ta hanyar barbara da shanun waje, darasin a fili yake. Bisar da za ta shigo, a gwada jininta tun ba ta haɗu da garke ba. Mai yin allura shi canza tsinke ko shi tafasa shi, ko da layi ya yi tsawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi; Danmak ta gane haka, Amurka kuwa har yau tana biyan kuɗin jinkiri.