Binciken Harrison da mai cikin fari a Madakiya

A 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa bincikensa kan haihuwa 22,774 a Zariya, aikin da ya taimaka wajen farkar da duniya game da mutuwar mata wurin haihuwa. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro yana kare mai cikin fari, wadda garkuwar jikinta kan raunana, daga ƙarancin jini. Ilimin ya daɗe a hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba mai juna biyu ƙwayar SP aƙalla sau uku. Ya wajaba masu tsara kasafin lafiya a Abuja su bi sawun ƙwayar har ɗakin awo na Madakiya, kusa da Kafanchan, kafin damina ta kankama.