MABALLIN TOW/HAUL A MOTAR A-KORI-KURA: MAN DA KAKE TATTALI BAI KAI KUƊIN GIYABOS BA

Yau magana ce da masu a-kori-kura otomatik, musamman irin su Toyota Tundra da Ford F-150 da ake shigo da su daga Amurka. Akwai wani maɓalli da aka rubuta TOW/HAUL a jikinsa, kusa da sandar giya ko a dashbod. Direbobi da yawa ba sa taɓa shi, wai yana shan mai. Ni a ganina wannan lissafin asara ne.

Me yake yi?

Kwamfutar giyabos an saita ta ne ta riƙa hawa babbar giya da wuri don a rage shan mai. Idan mota ba kaya, daidai ne. Amma ka ɗauko buhunan masara daga Kausani, ko ka loda shanu daga kasuwar Wudil ranar Juma'a, ka hau titin Kano. Motar za ta hau giya ta sama, nauyi ya danne ta, ta sauko, ta sake hawa. Kowane canji gogayya ce a farantan kulochin da ke cikin giyabos, gogayya kuma zafi ce. Zafi ne ke ƙona man giya, balle a watan Afrilu da rana ke wuce digiri 40.

Idan ka danna maɓallin:

1. Motar za ta daɗe a ƙaramar giya kafin ta canza, don inji ya samu ƙarfin jan kaya.
2. Yawan hawa da sauka tsakanin giya biyu zai ragu.
3. Idan ka taka birki, za ta sauko da giya da kanta, inji ya taya birki riƙe nauyin. A gangara irin ta hanyar Jos wannan na hana birki yin zafi har ya daina kamawa.

Za ka ji inji na ƙara fiye da yadda ka saba. Kar ka tsorata, aikinsa ke nan.

To maganar mai fa? Gaskiya ne, za ta ƙara sha. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 ba direban da ke wasa da lita ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ka leƙa Kofar Ruwa ka tambayi kuɗin giyabos na Tundra, ka haɗa da kuɗin bakanike da kwanakin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi. Sai ka auna da 'yan litocin.

Mai Hilux ko Tacoma da ba shi da wannan maɓallin, duba ko akwai ECT PWR, shi ma yana jinkirta canjin giya. Tsofaffin motoci kuma suna da O/D OFF, wanda ke hana hawa giyar ƙarshe.

Abu biyu a kiyaye. Na farko, da ka sauke kaya ka kashe shi, barinsa a kunne ɓarnar mai ce kawai. Haka idan titi na da santsi lokacin damina, domin saukowar giya ba zato na iya sa tayoyin baya su zame.

Na biyu, maɓallin ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Hilux wajen tan ɗaya take ɗauka, wato buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Wanda ya lafta mata buhu 20 ya ce ai ya danna maɓalli, sifirin da taya da birki ba su san da wannan zance ba.

Ku tura wa direban da kuka sani. Allah Ya tsare hanya.