Cacar Sarauniyar Kyau

Wani abu ya shigo mana wanda bai kamata mu yi shiru a kansa ba. Samarinmu sun soma zuba kuɗi ta waya a kan 'yan matan gasar kyau ta duniya, wai wance ce za ta ci. Da mu ka tsawata, sai wani ya ce ai wannan ba caca ba ce, ido ne da basira, kuma kishin ƙasa ne a tsaya wa 'yar Gana.

To, ku saurara. Gasar nan da a ke kira Miss World a Landan aka fara ta cikin 1951, kuma masu gidajen caca na Ingila kan yanka wa 'yan matan farashi kamar yadda su ke yanka wa dawakin sukuwa. Mai yanka farashin kuwa ya riga ya ware ribarsa tun ba a hau dandamali ba. Ina basirar? Ita 'yar Gana, har 1959 ta kai ana tura ta, zuwa 2025 ba ta taɓa ɗauko kambin ba. Kuɗin kishin ƙasar naku aljihun wa ya shiga?

Suratul Ma'ida, aya ta 90, ta jera caca da giya wuri guda. Wannan kuwa ta fi loto muni, don ba ka zaɓe sai ka ƙura wa 'ya'yan mutane ido.

Muna roƙon limamanmu su ɗauki maganar ran Juma'a, iyaye kuma su tambayi yara inda kuɗin makaranta ya ke zuwa.